Sanin Wurin Bugu Shi Ne Ƙira: Tarihin Harsunan Kwamfuta da Injiniyancin Manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk matashin da ya yi niyyar shiga sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, tambayar da yakan fara yi ita ce wane harshe ya kamata ya koya. Wani ya ce masa Python, wani ya ce Java, wani kuma ya ce ya bar su duka ya kama JavaScript domin shi ne ke kawo aiki. Tambayar ba ta wasa ba ce, saboda amsarta za ta ci masa shekara biyu ko uku na ƙuruciya, ga kuɗin makaranta da na intanet waɗanda sau da yawa iyaye ne ke tsuke bakin aljihu su biya. Sai dai ba yau aka fara yin ta ba. Kamfanoni da gwamnatoci sun yi wa kansu ita tun shekarun 1950, wasunsu kuma sun sayi amsar da tsada ƙwarai. Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin ne daga 1945 zuwa yau, domin a ga abin da ya tafi tare da zamaninsa da abin da ya ɗore.

Kafin a yi nisa, ya dace a fayyace kalmomi uku. Manhaja ita ce jerin umarni da ake rubuta wa kwamfuta domin ta yi wani aiki. Harshen kwamfuta shi ne tsarin kalmomi da alamomi da ƙa'idojin da ake rubuta umarnin da su. Injiniyancin manhaja kuwa shi ne ilimin gina manhaja tun daga tantance abin da ake buƙata, zuwa tsara fasalinta, da gwada ta, da kula da ita bayan an fara aiki da ita.

2.0 Haihuwar Harsunan Kwamfuta

A 1945 aka kammala na'urar ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, domin lissafin harba manyan bindigogi na soja. Nauyinta ya kai kimanin tan 30, amma ba ta da harshe. Mata shida ne aka fara ɗora wa aikin ba ta umarni, kuma da hannu suke yi, ta hanyar sauya wayoyi da murɗa makunnai, har sabon lissafi ɗaya yakan ci kwanaki kafin a shirya shi. Na'urorin da suka biyo baya an riƙa rubuta musu umarni da lambobi tsagwaro, daga baya kuma da gajerun alamomi, kowace alama tana wakiltar motsi ɗaya na na'urar. Aiki ne mai cin rai, kuma abin da aka rubuta wa wata na'ura ba ya aiki a kan wata.

John Backus na kamfanin IBM ya lura cewa albashin masu wannan rubutu ya kai kuɗin ita kanta na'urar. Saboda haka a 1954 ya haɗa ayari domin ƙirƙiro harshen da masanin lissafi zai rubuta bayaninsa kusan yadda ya saba a allo, sannan wata manhaja ta musamman, wadda za a iya kira tafinta, ta juya shi zuwa lambobin na'ura. Harshen shi ne FORTRAN, kuma ya fito a 1957. Shekara biyu bayan haka aka yi wani zama a ma'aikatar tsaron Amurka, wanda ya haifar da COBOL, harshen lissafin albashi da asusun banki da kayan sito. An gina shi ne a kan aikin da Grace Hopper ta riga ta yi na rubuta umarni da kalmomin Ingilishi na yau da kullum.

A nan akwai abin da ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. A 1959, a wani taron UNESCO a birnin Paris, Backus ya gabatar da hanyar rubuta nahawun harshen kwamfuta ƙa'ida bayan ƙa'ida. Peter Naur, ɗan ƙasar Danmak, ya gyara ta ya bayyana harshen ALGOL 60 da ita. Daga baya aka gano cewa wannan tsari ya yi daidai da ɗaya daga cikin rukunonin nahawu da Noam Chomsky ya fara bayyanawa a 1956 game da harsunan ɗan'adam. Wato bishiyar li'irabi da ɗalibi ke zanawa domin ƙalailaice jimla, irinta tafintar kwamfuta ke ginawa kafin ya fahimci umarni.

Nasarar FORTRAN ta sa mutane dogon buri. Rahoton farko da ayarin Backus ya fitar a 1954 ya yi hasashen cewa harshen zai kusan kawar da wahalar rubutu da ta farautar kurakurai. Tunanin zamanin shi ne matsalar duka ta harshe ce, da an sami harshe mai kyau an gama.

3.0 Rikicin Manhaja

Shekarun 1960 ne suka ƙaryata wannan tunani. Ranar 22 ga Yuli 1962 Amurka ta harba kumbon Mariner 1 zuwa duniyar Venus, wato tauraruwar da Hausawa ke kira Zara. Bai cika minti biyar da tashi ba rokar ta kauce hanya, aka tarwatsa ta daga ƙasa. Bincike ya nuna cewa ban da matsalar eriya, an bar wata ƴar alama ɗaya a lokacin da ake kwafe lissafin tuƙi zuwa manhaja. Kwamfuta ta bi abin da aka rubuta mata daidai-wa-daida, sai dai abin da aka rubuta ba shi ne abin da ake nufi ba.

Babban darasi ya zo daga IBM. A Afrilun 1964 kamfanin ya sanar da jerin kwamfutocinsa na System/360, kuma suna buƙatar babbar manhajar da za ta riƙa tafiyar da su, mai suna OS/360. A ƙololuwar aikin mutane fiye da 1,000 ne suke kai. Duk da haka manhajar ta makara, ta ci kuɗi ninkin abin da aka tsara, kuma sai da aka yi ta gyare-gyare kafin ta daidaita. Fred Brooks, wanda ya shugabanci aikin, ya rubuta littafi a kansa a 1975. Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma Brooks ya gano cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya riga ya makara, ƙara masa jinkiri yake yi. Dalili kuwa a fili yake. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma masu koya masa su ne waɗanda ya kamata suna kan aiki. Bayan haka, mutum 5 hanyoyin magana 10 ne tsakaninsu, amma mutum 50 hanyoyi 1,225 ne. Jinka ana ɗaga ta da kirari ɗaya, ita kuwa manhaja kowane ɓangare sai ya san abin da ɗan'uwansa yake nufi.

Irin waɗannan matsaloli ne suka sa kwamitin kimiyya na ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda ake kira OTAN a ƙasashen renon Faransa, ya kira taro a garin Garmisch na Jamus daga 7 zuwa 11 ga Oktoba 1968. Masana kimanin 50 daga ƙasashe 11 suka hallara a ƙarƙashin shugabancin Friedrich Bauer. Da gangan masu shirya taron suka sa masa sunan injiniyancin manhaja, domin su tsokani tunani: mai gina gada yana da lissafi da ƙa'idojin da yake bi kafin ya aza tubali, me ya hana mai gina manhaja? Mahalarta sun faɗi gaskiya ba kunya, cewa manyan ayyuka suna makara, suna cinye kuɗi, kuma ba a iya amincewa da su. Daga wannan taro ne maganar rikicin manhaja ta bazu. Rahotonsa, wanda Peter Naur da Brian Randell suka tace, ya fi mai da hankali a kan tsara fasali da gwaji da rabon aiki da kula da manhaja bayan an sayar. A Oktoban 1969 aka sake zama a birnin Rum.

4.0 Ginshiƙan da Aka Kafa

A cikin ƴan shekarun da suka kewaye taron Garmisch aka kafa yawancin abubuwan da a yau ake kira tushen sana'ar.

Na farko shi ne tsabtar tsari. A Maris 1968 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya buga wata gajeriyar wasiƙa yana sukar umarnin nan da ke sa kwamfuta ta yi tsalle daga wani layi zuwa duk layin da marubuci ya ga dama. Hujjarsa ita ce manhajar da ta cika tsalle-tsalle takan zama kamar zaren da kaza ta tattake, mai karatu ba ya gane inda aka fito balle inda aka nufa. Tun 1966 masana biyu a Italiya, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka tabbatar cewa fasali uku sun isa rubuta kowane lissafi: jerantawa, da zaɓi tsakanin hanya biyu, da maimaitawa. Dijkstra ne kuma ya yi gargaɗin cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da cewa babu shi.

Na biyu shi ne rarraba manhaja. A 1972 David Parnas ya bayyana cewa kamata ya yi a kasa babbar manhaja ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare ya ɓoye yadda yake aikinsa a ciki, ya bar ƙofa ɗaya sananniya da sauran za su riƙa yi masa sallama ta nan. Ta haka in an sauya abu a wani ɗaki, ba sai an rushe gidan duka ba.

Na uku shi ne algoridam, wato hanyar warware matsala mataki-mataki. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Misali, a ce akwai kundi mai suna miliyan ɗaya da aka jera bisa abacada. Mai bin sunayen ɗaya bayan ɗaya yana iya duba miliyan ɗin duka kafin ya dace. Wanda ya buɗe tsakiya, ya watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ya sake raba sauran biyu, ba zai wuce dubawa 20 ba. Wannan bambanci yana nan ko da wane harshe aka rubuta. Shi ya sa Donald Knuth, da ya fara fitar da shahararren littafinsa na algoridam a 1968, ya ƙi rubuta misalansa da harshen da ake yayi, ya ƙago wata kwamfutar tunani mai suna MIX ya yi amfani da ita, domin ya san yayi ba ya daɗewa.

Amfanin tsari mai kyau ya bayyana ranar 20 ga Yuli 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 yake sauka a duniyar wata. Saura ƴan mintoci, kwamfutar kumbon ta fara ƙararrawa da lambobin 1202 da 1201, alamar aiki ya yi mata yawa saboda wata na'urar rada da ke cinye mata lokaci. An rubuta manhajarta ne da harshen nan na gajerun alamomi, mafi wahalar duka. Amma masu gina ta a cibiyar MIT, cikinsu har da Margaret Hamilton da ta shugabanci ayarin manhajar kumbon, sun riga sun tanadi irin wannan rana. An tsara ayyukan bisa muhimmanci, in nauyi ya yi yawa kwamfuta ta ajiye ƙananan ta riƙe manya. Haka kuwa ta yi, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka lafiya.

5.0 Neman Harshe Ɗaya Tilo

Duk da haka, begen samun harshen da zai yi maganin komai bai mutu ba. A shekarun 1970 ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙirga harsuna da kare-karen harshe fiye da 450 da ake amfani da su a kayan aikinta. Ta sa gasar ƙirƙiro harshe ɗaya, kuma a 1979 ayarin Jean Ichbiah na Faransa ya yi nasara. Aka raɗa wa harshen suna Ada, domin tunawa da Ada Lovelace ta Ingila. Harshe ne mai tsananin ƙa'ida, wanda aka gina musamman domin ya kama kuskure tun kafin ya yi ɓarna. An wajabta shi a ayyukan ma'aikatar, sai a 1997 aka janye wajabcin.

Da Ada aka rubuta manhajar na'urar da ke auna matsayi da gudun rokar Ariane 5 ta Turai. Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba ta karo na farko daga Kourou, a yankin Guyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na bincike. Kimanin daƙiƙa 40 da tashi ta karkace, ta tarwatse a sama. An kiyasta asarar a kan dala miliyan 370.

Kwamitin bincike a ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya warware zare da abawa. An ɗauko manhajar ce daga tsohuwar roka Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. A cikinta akwai wurin da ake juye wata lamba mai alaƙa da gudun roka daga babban mazubi zuwa ƙarami, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A Ariane 4 lambar ba ta taɓa kai haka, saboda haka aka bar wurin ba kariya domin a rage wa kwamfuta nauyi. Ita kuwa Ariane 5 ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai lambar ta yi yawa, kamar a ce za a juye buhun gero cikin tiya. Na'urar ta tsaya. Akwai ta biyu da aka ajiye domin ko-ta-kwana, amma manhajarsu ɗaya, don haka ita ma ta riga ta tsaya bisa dalili guda. Saƙon ƙorafin da na'urar ta aika, babbar kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin bayanin tafiya, ta murɗa injinan roka har ƙarshe. Abin takaici, lissafin da ya jawo wannan duka ba shi da wani amfani bayan tashi, gadonsa kawai aka yi daga tsohuwar roka. Kuma ba a gwada na'urar da bayanan hanyar da Ariane 5 za ta bi ba.

Harshen ya yi aikinsa, domin ya gano lambar ta fi ƙarfin mazubi, ya kuma yi shela. Kwamitin ya ɗora laifin a kan tantance buƙatu da tsara fasali da gwaji, wato batutuwan da aka tattauna a Garmisch shekara 28 kafin nan. Tun 1986 Brooks ya raba wahalar manhaja gida biyu: wahalar faɗar abu da harshen na'ura, da wahalar sanin ainihin abin da za a faɗa. Harsuna sun rage ta farko ƙwarai, ta biyu kuwa tana nan daram.

6.0 Harsuna da Kasuwar Aiki

Ga mai neman aiki, tarihin ya nuna cewa kasuwar harsuna ba ta da tabbas. A Amurka akwai jarrabawar kimiyyar kwamfuta ta ƴan sakandare masu shirin shiga jami'a. Daga 1984 da harshen Pascal ake yin ta, a 1999 aka koma C++, a 2004 kuma aka koma Java. Harshe ya sauya sau biyu cikin shekara 20, amma jera bayanai da nemo su da maimaita umarni suna nan a cikin tambayoyin. Haka nan a shekarun 2000 dubban matasa sun ci abinci da fasahar Flash da harshenta na ActionScript, wajen yin wasanni da hotuna masu motsi a intanet. A 2010 kamfanin Apple ya jaddada cewa ba zai karɓe ta a wayoyinsa ba, kuma ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin Adobe ya daina kula da ita. Wanda Flash kaɗai ya sani ya koma sabon koyo, wanda ya san tushe kuwa kayan aiki kawai ya sauya.

A ɗaya ɓangaren, COBOL da aka sha yi wa jana'iza ya ƙi mutuwa. Da shekarar 2000 ta gabato, aka yi ta neman tsofaffin masanansa, domin manhajoji da yawa suna rubuta shekara da lamba biyu kacal, ana tsoron su ɗauki 00 a matsayin 1900. A Afrilun 2020 ma, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar masu COBOL, saboda tsohuwar manhajar biyan marasa aikin yi ta kasa ɗaukar yawan masu nema. Ba wanda ya iya faɗar wane harshe zai yi tsawon rai.

Wannan ba ya nufin zaɓen harshe banza ne. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da yake toshewa a manhajojinsa kowace shekara, daga kuskuren sarrafa ma'ajiyar kwamfuta take, irin kuskuren da harsunan C da C++ ke barin marubuci ya yi. Harsuna irin su Java da Rust an gina su ne domin su toshe yawancin wannan ƙofa. Sai dai wanda zai gane dalilin wannan bambanci, har ya zaɓi harshen da ya dace da aiki, shi ne wanda ya san yadda ma'ajiyar take aiki. Ko iya zaɓen harshe ma daga tushe yake fitowa.

Daga 2021 kuma aka shiga wani sabon babi, da fitowar GitHub Copilot, sannan ChatGPT a 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya rubuta umarni a harsuna da dama. Sun ƙara sauƙaƙa wahalar farko da Brooks ya ambata. Tantance abin da ake so, da duba ko abin da aka rubuta shi ne ake nufi, har yanzu suna wuyan ɗan'adam.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa Apollo 11 ya sauka lafiya da harshe mai wahala, Ariane 5 kuma ta tarwatse da harshe mai inganci. An ga harsunan da suka yi tashe suka ɓace, da wanda aka raina ya daɗe. Abubuwan da Dijkstra da Parnas da Knuth da Brooks suka rubuta tsakanin 1968 da 1975 kuwa, har yau ana koyar da su a jami'o'i.

Ɗalibin harshe ba baƙo ba ne ga wannan lamari. Ba a koyon nahawu a sarari, sai an kama harshe ɗaya an san shi ciki da bai. Amma wanda ya fahimci yadda aikatau da suna da lokaci suke aiki a Hausa, ya fi saurin kama Zabarmanci ko Fulatanci ko Larabci a kan wanda ya haddace jimloli kawai. Haka abin yake ga mai koyon manhaja. Ya zaɓi harshe ɗaya da ke da malamai da littattafai da aiki a kusa da shi, ya zauna a kansa har ya gina abin da wasu za su yi amfani da shi, yana koyon algoridam da gwaji da karanta aikin wasu ta cikinsa. Harshe na biyu zai zo masa cikin sauƙi. Maƙeri yana buƙatar guduma da uwar maƙera, kuma yakan sauya su in sun tsufa, amma kamar yadda Hausawa suka ce, sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Tambayoyi

1. Wace dangantaka ke tsakanin aikin Backus da Naur da nazarin nahawun harsunan ɗan'adam?
2. Me ya sa ƙara ma'aikata bai hanzarta aikin OS/360 ba?
3. A kwatanta abin da ya faru ga Apollo 11 da abin da ya faru ga Ariane 5.
4. A kawo wani karin magana na Hausa da zai iya maye gurbin wanda aka sa a kanun maƙalar, tare da bayanin dalili.